Wasiƙar da Ba Ta Dawo Ba: Me Bincike Ya Gano Game da Aikin Gwamnati?

Wasu masana tattalin arziki su huɗu sun taɓa yin wani gwaji mai sauƙin gaske. Sun aika wasiƙu goma-goma zuwa ƙasashe 159, bibbiyu zuwa manyan birane biyar na kowace ƙasa, kuma da gangan suka rubuta adireshin kamfanonin da babu su a doron ƙasa. A jikin ambulan akwai adireshinsu na Amurka, da roƙon a mayar musu idan ba a sami mai wasiƙar ba. Duk ƙasashen nan sun sa hannu a yarjejeniyar gidajen waya ta duniya, wadda ta wajabta mayar da irin wannan wasiƙa ga wanda ya aiko ta. Suka zauna suna jira. Kimanin kashi 60 cikin 100 ne suka dawo. Akwai ƙasashen da suka mayar da goman cif, akwai kuma waɗanda ko ɗaya ba ta fito daga cikinsu ba. A 2014 aka wallafa sakamakon.

Abin da ya riƙe ni a wannan gwaji shi ne dokar ɗaya ce a ko'ina. Kowace ƙasa tana da ginin gidan waya, da shugaba, da ma'aikata, da kasafin kuɗi. Babu ribar da wani zai ci da riƙe wasiƙar da ba wani abu mai daraja a cikinta, don haka ba maganar cin hanci ake yi ba. Aikin kuma bai wuce a duba, a buga hatimi, a jefa cikin buhun da ya dace ba. Duk wasiƙar da ta dawo shaida ce cewa akwai wani ma'aikaci a wani lungu da ya yi abin da aka ɗauke shi ya yi alhali ba mai kallonsa, kuma akwai tsarin da ya sa hakan ya zame masa jiki. Wadda ba ta dawo ba kuwa, ta faɗa cikin ramin da ke tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ake yi a ofis.

Wannan ramin shi ne filin da manazartan gudanar da aikin gwamnati suke nomawa. Masanin siyasa yana tambayar wa ke riƙe da mulki kuma ta yaya ya same shi. Su kuwa tambayarsu tana farawa ne bayan an gama zaɓe an rantsar: an ce za a gina asibiti, a biya fansho, a yi wa yara rigakafi, a kwashe shara, wa zai yi, da me, ƙarƙashin wa, kuma me ya sa a wani wuri ake yi, a wani wurin kuwa sai dai a yi ta cewa a dawo gobe?

Matsalar daɗaɗɗiya ce. Daular Sin ta fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa tun farkon ƙarni na bakwai, ta riƙe tsarin har 1905. A Birtaniya, rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ne ya ba da shawarar a daina raba muƙamai ga 'yan gaban goshi, a koma gasar jarrabawa. A Amurka kuwa sai da jini ya zuba. A 1881 wani mutum mai suna Charles Guiteau, wanda yake ganin goyon bayan da ya bayar lokacin zaɓe ya isa a saka masa da muƙami, ya harbi Shugaba James Garfield, shugaban ya yi jinya ya rasu. Bayan shekara biyu aka zartar da dokar Pendleton, wadda ta fara cire wani kaso na aikin gwamnati daga hannun rabon ganimar siyasa. A 1887 wani malamin jami'a, Woodrow Wilson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, ya rubuta maƙalar da ake yawan ɗauka a matsayin mafarin fannin a can. Hujjarsa ita ce tafiyar da tsarin mulki ya fara fin rubuta shi wuya, saboda haka gudanarwa ta cancanci a nazarce ta ita kaɗai.

Bajamushe Max Weber, wanda ya rasu a 1920, shi ya zayyana kamannin ofis na zamani: matakai daga sama zuwa ƙasa, rubutattun ƙa'idoji, fayil da ake ajiyewa, albashi tsayayye, ɗauka bisa cancanta, da kujerar da ba gadon gidan kowa ba. Mutane kan tsine wa aikin ofis saboda jan ƙafarsa, kuma suna da hujja. Amma ya kamata a tuna abin da ya zo ya maye gurbinsa. Inda babu rubutacciyar ƙa'ida, alfarma ce ke aiki, alfarma kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Ƙa'idar da ta ce a bi layi ita ce gatan wanda ba shi da gata. Weber da kansa bai rufe ido ga ɗaya fuskar ba, ya ji tsoron ranar da ƙa'ida za ta zama kejin da zai kulle ma'aikaci da wanda ya zo neman biyan buƙata gaba ɗaya.

Har zuwa shekarun 1930, malaman fannin sun yi zaton sun gano dokokin gudanarwa kamar yadda aka gano dokokin lissafi. Herbert Simon ne ya girgiza wannan gini. A 1946 ya rubuta cewa abin da ake koyarwa da sunan kimiyyar gudanarwa karin magana ne kawai, karin magana kuwa tafe take da kishiyarta. Dattijon da ya ce maka yau sauri ya haifi nawa, gobe shi zai ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su gaya maka yaushe za ka ɗauki wacce ba. Ɗaya daga cikin misalansa: ana cewa kada shugaba ya tara mutane da yawa a ƙarƙashinsa domin ya iya sa musu ido, ana kuma cewa a rage matakai tsakanin sama da ƙasa domin saƙo ya yi saurin isa. To in ka rage mutanen da ke ƙarƙashin kowane shugaba, dole matakai su ƙaru. Shawararsa ita ce a bar zane-zanen tsari a je a ga yadda ake yanke hukunci a zahiri. Da aka je, sai aka tarar ma'aikaci ba ya da cikakken bayani, ba ya da lokaci, yakan tsaya ne a mafita ta farko da ta ishe shi. Wannan tunani na cikin abin da ya kai Simon ga lambar Nobel a 1978.

Daga nan fannin ya fara sauka daga bene. A 1966 gwamnatin tarayyar Amurka ta sanar da ware dala miliyan 23 domin ayyuka a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, da nufin samar wa marasa aikin yi, akasarinsu baƙaƙen fata, guraben aiki kimanin 3,000. Kuɗi na nan. Kusan kowa ya yarda da manufar. Ba a kama kowa da sata ba. Amma shekaru suka shuɗe, guraben da aka samar ba su taka kara sun karya ba. Jeffrey Pressman da Aaron Wildavsky suka bi diddigin shirin, a 1973 suka fitar da abin da suka gano: kafin aikin ya tabbata sai ya ratsa wuraren yanke shawara 30, sai an sami amincewa sau 70 daga hukumomi daban-daban. Yi lissafin da kanka. Ko da a kowane mataki yiwuwar a ce "to" ta kai 99 cikin 100, in ka jera matakai 70, yiwuwar ka tsallake dukansu ba ta kai rabi ba. In kuwa 95 ce cikin 100, abin da zai rage bai kai kashi 3 ba. Ba sai an sami mugu ko ɗaya ba kafin shiri ya mutu. Yawan ƙofofi kaɗai ya isa. A ganina wannan lissafi ya kamata ya kasance a gaban duk wanda zai ce a kafa sabon kwamiti domin gaggauta aiki.

Michael Lipsky ya ƙara gangarowa a 1980, har bakin taga. Ya ce malamin aji, da ɗan sanda, da ma'aikaciyar jinya, da magatakardan da ke karɓar takardu, su ne gwamnati a idon mai neman buƙata, domin ba zai taɓa ganin minista ba. Waɗannan mutane kullum buƙata ta fi ƙarfin abin da ke hannunsu, don haka sai su ƙirƙiro dabarun rage nauyi: a taƙaita lokacin karɓar jama'a, a fara da mai sauƙin matsala, a bar layi ya yi tsawo har wasu su gaji su tafi. Lipsky bai ɗauke su miyagu ba. Abin da ya nuna shi ne waɗannan ƙananan dabaru, in sun taru, su ne manufar gwamnati ta gaskiya, ko da takardar da aka sa wa hannu ta faɗi wani abu daban.

To in haka ne, yaya za a yi wannan mutum na bakin taga, wanda ba mai iya tsaya masa a kai wuni guda, ya yi aiki da kyau? Amsoshi biyu ne suka daɗe suna ja-in-ja. Ta farko: a auna aikinsa, a sa masa ido, a saka wa wanda ya yi, a hukunta wanda ya ƙi. Ta biyu: a zaɓo mutumin kirki mai iyawa, a ba shi amana da sarari. Mafi yawan binciken shekaru arba'in da suka wuce a kan wannan gardama yake.

Amsa ta farko ce ta fara cin kasuwa. A shekarun 1980, Birtaniya ƙarƙashin Margaret Thatcher da kuma Niu Zilan suka rungumi ra'ayin a tafiyar da gwamnati kamar kamfani: a farfasa manyan ma'aikatu zuwa ƙananan hukumomi, a ba 'yan kasuwa kwangilar wasu ayyuka, a sa wa kowa adadin da zai cika, a ɗauki talaka a matsayin abokin ciniki. Niu Zilan ta yi doka a 1988 da ta mayar da shugabannin ma'aikatu ma'aikatan kwantiragi masu wa'adi. Christopher Hood ya tattara siffofin wannan salo a wata maƙala ta 1991, kuma masu ba da bashi da tallafi suka yaɗa shi zuwa ƙasashe masu tasowa.

Inda aka fi gwada shi da ƙarfi har aka sami abin nazari shi ne asibitocin Ingila a farkon shekarun 2000. Aka ce duk wanda ya shiga sashen agajin gaggawa a sallame shi ko a ba shi gado cikin awa huɗu. Aka ce motar ɗaukar marasa lafiya ta isa wurin mai tsananin ciwo cikin minti takwas. Aka riƙa ba asibitoci maki na taurari gwargwadon ƙoƙarinsu, shugaban da asibitinsa ya faɗi kuma kujerarsa na rawa. Gwyn Bevan da Hood suka duba sakamakon a 2006, kuma adalci ne a fara da alherin: lokacin jira ya ragu da gaske, ya ma fi raguwa a Ingila a kan yankin Wales da bai bi wannan tsauri ba. Sai dai ga abin da ya biyo baya. An sami wuraren da ake barin marar lafiya cikin mota a ƙofar asibiti, domin agogon awa huɗu ba ya fara bugawa sai ya shiga ciki. An sami rajistar motocin agaji da ta cika da tafiye-tafiyen da suka ƙare daf da cikar minti takwas, yawan da hankali ba zai ɗauka ba sai in an gyara alƙaluman. Tun 1975 masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da wannan ɗabi'a a harkar kuɗi: ma'auni yana faɗin gaskiya ne muddin ba a mayar da shi abin cin abincin wanda ake aunawa ba. Daga baya, a 2015, Hood da Ruth Dixon suka duba shekaru talatin na gyare-gyaren gwamnatin tsakiya ta Birtaniya, waɗanda duk an yi su da alƙawarin aiki mai kyau da kuɗi kaɗan. Suka tarar kuɗin gudanarwa ya ƙaru ne, koke-koken jama'a ma sun ƙaru.

A shekarun 2000 ɗin nan ne kuma wata sabuwar hanyar bincike ta shigo daga masana tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Maimakon a tambayi ma'aikatar ilimi malamai nawa take da su, sai a kai ziyarar ba-zata. Binciken da aka wallafa a 2006 kan Bangaladash, Ekwado, Indiya, Indonesiya, Peru da Yuganda ya tarar kashi 19 cikin 100 na malaman firamare ba sa wurin aiki a lokacin da ya kamata suna nan, ma'aikatan lafiya kuwa kashi 35. Sannan aka ari dabarar masu gwada magani: a raba makarantu ko ƙauyuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a gwada sabon tsari a kashi ɗaya, a bar ɗayan yadda yake, a ga bambanci. Wannan hanya ce ta kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga lambar Nobel a 2019.

Gwaje-gwaje biyu da aka yi a gunduma ɗaya, Udaipur ta jihar Rajasthan a Indiya, sun fi kome koya mini darasin wannan fanni. A na farko, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tafiyar da ƙananan makarantun karkara ta ba malamanta kyamarar da ke buga rana da lokaci, ɗalibi ya ɗauki hoton malam tare da 'yan aji da safe da kuma lokacin tashi, albashi kuma ya danganta da yawan ranakun da hoto ya tabbatar. Fashin aiki ya sauko daga kashi 42 zuwa 21, yara kuma suka fi cin jarrabawa. A na biyu, aka kai irin wannan dabara ga ma'aikatan jinya na gwamnati, da na'urar buga lokacin zuwa da tashi, da yanke albashin wanda ya yi fashi. Watanni shida na farko abin ya yi aiki. Daga nan sai na'urori suka fara lalacewa, kuma shugabannin sashen lafiya suka shiga rubuta wa ma'aikatan ranakun uzuri, har ya zama babu wanda ake yanke wa kome. Bayan wata goma sha shida babu sauran bambanci tsakanin inda aka sa na'ura da inda ba a sa ba.

Dabara ɗaya, yanki ɗaya, sakamako biyu. A makarantun, wanda ke biyan albashi yana son tsarin ya yi aiki. A asibitocin, waɗanda aka ɗora wa zartar da hukuncin su ne suka warware shi. Na'ura tana iya gaya maka wanda bai zo ba, amma ba ta iya sa shugabansa ya damu. Duk lokacin da na ji an ce an sayo na'urar ɗaukar zanen yatsa an magance fashin aiki, waɗannan ma'aikatan jinya nake tunawa.

Akwai wuraren da sa ido ya biya kuɗin sabulu. Benjamin Olken ya bi ayyukan gina hanya a ƙauyuka 608 na Indonesiya. A wasu an sanar tun farko cewa masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo tabbas, a sauran kuwa yiwuwar zuwansu kashi 4 ce kacal cikin 100. Bayan an gama, ya tura injiniyoyi suka haƙa hanyoyin suka auna dutse da yashin da aka zuba, aka gwada da abin da aka rubuta an kashe. Inda aka san za a zo bincike, kuɗin da suka yi ɓatan dabo sun ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 na kuɗin aikin. Gayyatar jama'ar ƙauye taron bin ba'asi kuwa bai yi tasirin a-zo-a-gani ba a jimlace, abin da bai yi wa masu ganin sa idon al'umma ne maganin kome daɗi ba. A Yuganda, an gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 ne kawai cikin 100 na tallafin da ake aika wa makarantu bisa yawan ɗalibai yake isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80, ko da yake wasu manazarta sun ja hankali cewa an yi wasu manyan sauye-sauye a harkar ilimin ƙasar a tsakanin, don haka ba jarida kaɗai za a yaba wa ba. A lardin Punjab na Fakistan kuma an gwada ba masu karɓar harajin gidaje lada gwargwadon abin da suka tara. Kuɗin shiga ya ƙaru sosai. Amma masu gidaje da dama sun ba da rahoton cewa cin hancin da ake nema a hannunsu shi ma ya hau, domin an ƙara wa mai karɓar haraji ƙarfin ciniki.

Sai ga wani bincike da ya zo da abin da ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Imran Rasul da Daniel Rogger sun duba ayyuka kusan 4,700 a hukumomi 63 na gwamnatin tarayyar Najeriya, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da hanyoyi, waɗanda injiniyoyi masu zaman kansu suka tantance matakin da kowanne ya kai. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ba a ma fara su ba. Da suka gwada da salon shugabancin kowace hukuma, sai suka ga inda ake ba ma'aikata sararin yanke shawara an fi kammala aiki, inda kuwa aka fi matsa sa ido da alƙawarin lada bisa ƙoƙari an fi barin aiki a hanya. Da aka maimaita irin binciken a Gana, aka sami kusan abu ɗaya. Wannan dai ba gwajin ƙuri'a ba ne, alaƙa ce aka gani, kuma ba kowace alaƙa ce sanadi ba. Duk da haka bayanin da suka bayar yana shiga hankali.

Bayanin kuwa shi ne ayyuka iri-iri ne. Zuwan malami makaranta abu ne da ake ƙirgawa: ko ya zo ko bai zo ba. Yawan dutsen da ke cikin hanya ana haƙawa a auna. Amma jami'in da zai tsara kwangila, ya daidaita hukumomi uku, ya gane cewa wurin da aka zaɓa ba ruwa a ƙasansa, ya nemi a sauya, aikinsa ba ya shiga ma'auni ɗaya. In ka ce za ka auna shi, abin da zai ƙirgu kawai za ka auna: yawan rahoto, yawan taro, cika fom a kan kari. Shi kuma sai ya karkata can, ya bar ainihin aikin. Ya kuma koyi cewa wanda bai sa hannu a kome ba, ba a kama shi da laifin kome. Nan ne ake haifar jami'in da fayil zai kwana wata uku a teburinsa, ba don yana jiran a ba shi wani abu ba, sai don tsoron abin da zai biyo bayan sa hannunsa.

In aikin ba ya aunuwa, to nauyin ya koma kan wanda aka ɗauka tun farko, kuma a nan ne nake ganin hujjojin suka fi haɗuwa wuri ɗaya. Peter Evans da James Rauch sun nuna a 1999 cewa a cikin ƙasashe masu tasowa 35, waɗanda ke ɗaukar ma'aikata bisa cancanta kuma suke da tabbataccen tsanin ƙarin girma sun fi samun bunƙasar tattalin arziki tsakanin 1970 da 1990. An daɗe ana fargabar cewa in aka kyautata albashi, masu kwaɗayi ne za su cika wurin su ture masu kishin jama'a. A Meziko aka gwada: aka tallata aiki ɗaya da albashi iri biyu, feso (kuɗin ƙasar) 3,750 a wasu wurare, 5,000 a wasu. Babban albashin ya jawo waɗanda suka fi ƙwazo, kuma kishinsu na yi wa jama'a hidima bai gaza na sauran ba. A Zambiya a 2010, lokacin ɗaukar ma'aikatan lafiya na karkara, aka liƙa sanarwa iri biyu: wata tana kiran mai son taimakon al'ummarsa, wata tana nuna cewa aikin tsani ne na ci gaba a fannin lafiya. Waɗanda aka ɗauka ta sanarwa ta biyu sun fi ziyartar gidaje da kashi 29 cikin 100, kuma yara masu ramar rashin abinci sun ragu a yankunansu. Kalmomin da ke jikin takardar sanarwa kaɗai aka sauya.

Ga kuma abin da ya mayar da mu kan wasiƙun farko. Matt Andrews da Lant Pritchett da Michael Woolcock sun yi dogon nazari kan abin da ya sa ƙasashe ke yin gyara bayan gyara amma aiki bai sauya ba. Suka ce hukuma na iya kwaikwayon kamannin hukumar da ke aiki ba tare da ta iya aikin ba: ga doka irin ta ƙasashen da suka ci gaba, ga hukumar yaƙi da rashawa, ga kundin manufa mai kyan bango, duk domin masu ba da bashi su gani su gamsu. Kama da wane ba ta wane. Shawararsu ita ce a daina farawa da shigo da tsarin da aka ce ya yi aiki a wani wuri, a fara da matsala takamaimai da mutanen wurin suka yarda tana ci musu tuwo a ƙwarya, a gwada ƙaramar mafita, a duba, a gyara, a sake.

Shi ma binciken yana da nasa raunin, kuma ba na son a karanta abin da ke sama kamar wahayi. Gwajin ƙuri'a yana faɗin abin da ya faru a wuri kaza cikin shekara biyu ko uku. Ba ya lamunce maka abin da zai faru in an faɗaɗa shirin ga ƙasa baki ɗaya, a hannun ma'aikatan da ba mai bincike a kansu. Ya fi son tambayoyin da ke ƙirguwa, alhali manyan tambayoyin, irin su yaya ake raba aikin gwamnati da rabon ganimar siyasa, ba a iya jefa musu ƙuri'a. Manyan ra'ayoyin fannin kuma an gina su ne kan gwamnatocin Amurka da Yammacin Turai, ana kuma koyar da su a wuraren da tarihin hukumominsu ya sha bamban.

Ɓangaren da ke tasowa yanzu ya juya kyamarar daga ma'aikaci zuwa wanda ke tsaye a layi. Pamela Herd da Donald Moynihan sun rarrabe wahalar da mutum ke sha kafin ya karɓi haƙƙinsa gida uku: wahalar sanin cewa haƙƙin na nan da yadda ake nemansa, wahalar cika sharuɗɗa da tara takardu da zirga-zirga, da kuma ƙuncin rai na wulaƙanci da zargi. Suka nuna cewa wannan nauyi ya fi faɗawa kan wanda ya fi rauni, kuma wani lokaci da gangan ake ɗora shi domin a rage masu nema ba tare da an soke shirin a fili ba.

Ana sa ran kwamfuta za ta sauke wannan nauyi, kuma a wurare da yawa ta rage shi. Amma abin da ya faru a Holan ya isa a yi hattara. Hukumar harajin ƙasar, wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, ta yi amfani da tsarin kwamfuta mai tantance waɗanda za a zarga, kuma ƙasar asalin mutum na cikin abin da ake dubawa. Aka tuhumi dubban iyalai bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗin shekaru, wani lokaci saboda ƙaramin kuskure a fom. Gidaje suka afka bashi, aure ya mutu, mutane suka rasa muhalli. Lauyoyi da 'yan jarida da wasu 'yan majalisa ne suka yi ta tono har abin ya fito, kuma a Janairun 2021 gwamnatin Firayim Minista Mark Rutte ta yi murabus a kansa. Tun a 2002 wasu manazarta biyu na ƙasar, Mark Bovens da Stavros Zouridis, suka rubuta cewa ikon duba halin mutum a yanke masa hukunci, wanda Lipsky ya gani a hannun ma'aikacin bakin taga, yana ƙaura zuwa hannun masu tsara manhajar kwamfuta, mutanen da mai neman haƙƙinsa ba zai taɓa zama gabansu ya yi musu bayanin halin da yake ciki ba.